Yadda Lailatu Mai Waina Ta Shiga Ƙidaya

Duk wanda ya saba bi ta Ƙofar Marusa da safe ya san Lailatu mai waina, in bai san sunanta ba ya san muryarta. Mace ce 'yar duma-duma da ta haura hamsin, bakinta ya fi tandarta zafi. A duk duniya mutum ɗaya ke iya ja da ita, wato taubashiyarta Fadila, 'yar ƙanen mahaifiyarta, wadda ke zaune a Maraɗi. Tun da aka fara aika saƙon murya a waya suka buɗe gasa tsakanin Najeriya da Nijar. Yau a kan albasa, gobe a kan kilishi, jibi a kan waɗanda aka fi ɗauke wa wuta, kuma ba a taɓa jin wadda ta ce an kayar da ita ba.

Wata safiya ɗanta Sagiru, malamin firamare, yana cin waina ya nuna mata wani zane a wayarsa. Ya ce masana ne suka yi hasashen yawan matan da za su gama sakandare nan da shekarar 2050, kowace ƙasa da sandarta. Lailatu ba ruwanta da Masar ko Indiya, ta ce ya nuna mata tamu da ta su Fadila kawai. Da ta ga tamu ta fi tsawo sai ta rangaɗa guɗa. Sagiru ya fara bayanin cewa ai mun fi su yawan jama'a ne, ta ce ya riƙe bayaninsa ya kai wa 'yan ajinsa. Nan take ta aika wa Fadila saƙo mai tsawo, har da waƙa.

Amsar ba ta da tsawo. "Na ji, sandarku ta hi tamu. To ke, kina ciki?"

Ranar dai masu sayen waina sun ci ƙonanna. Lailatu ba ta ciki, kuma Fadila ta sani. Tana aji biyar mahaifiyarta ta kwanta da shanyewar ɓarin jiki, ita ce babba, sai ta ajiye littattafai ta karɓi tanda. Ba wanda ya tilasta mata. Ta ce baɗi za ta koma, baɗi ta yi ta haifar baɗi har furfura ta fito. Abin ya daɗe yana cin ranta, amma mace mai baki irin nata ba ta yarda a ga inda ke mata ciwo.

A ɓoye ta shiga ajin manyan mata na yamma a Ƙofar Sauri. Kullum bayan la'asar ta yafa mayafi ta ce wa maƙwabta za ta barkar haihuwa, har suka fara mamakin irin haihuwar da ake yi a unguwar nan. Malamai sun sha fama da ita. Da malamin lissafi ya ce a nemo abin da ba a sani ba, ta ce tunda ba a san shi ba a ƙyale shi mana, neman me ake masa. Asiri dai ya tonu, domin labari ya kai Maraɗi. Sai ga direba da saƙon Fadila, fensir ɗaya da ƙatuwar roba ta goge rubutu, wai ta san gugar za ta fi rubutun yawa.

Fadila ba ta yi ƙarya ba, zaman farko Lailatu ta faɗi jarrabawar gama sakandare warwas. Ta yi kuka a bayan ɗaki, ta wanke ido, ta gaya wa Fadila cewa ai hasashen na 2050 ne, gaggawar me take yi. A zama na biyu ta ci. Ta sa Sagiru ya ɗauki hoton sakamakon ya aika, ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, abin da ba a taɓa gani daga gare ta ba.

Da saƙon Fadila ya iso, farkonsa jan hanci ne. Can ta ce, "Gwaggo tana kwance kullum sai ta ce mani ita ta cinye maki makaranta. Da wannan baƙin cikin ta tahi. Tun ran nan nike neman allurar da za ta tashe ki." Lailatu ta kifa kai a gwiwa, ƙullu yana ta kumbura ba mai kula shi. Ba ta gama share hawaye ba muryar Fadila ta dawo yadda aka san ta, tana cewa kada dai a cika baki, mutum ɗaya rak aka ƙara wa Najeriya, ita kuwa jikokinta mata uku suna lakwal, wato makaranta.

Tun daga lokacin, yarinyar da ta tsaya gaban tandar Lailatu bayan an kaɗa ƙararrawar makaranta ba ta samun waina, sai kora da cokali. In uwar yarinya ta zo bin ba'asi, Lailatu takan ce ba za ta zuba ido Maraɗi ta wuce mu ba. Ranar da wata yarinya ta ce ai mamarta ce ba lafiya shi ya sa ba ta tafi ba, Lailatu ta sauke tanda daga wuta, ta ce ta ɗauko jakarta ta wuce makaranta. Ita ta je ta zauna da marar lafiyar har aka taso.