Ɗayyaba da Kwamfutar Ɗakin Awo

Har yau ina jin haushin wanda ya fara saita kwamfutar asibitin ƙauyenmu, can gefen Gezawa. Sai da na aurar da 'ya'ya na shiga ajin yaƙi da jahilci, na sha wuya na iya rubutu, aka ba ni aikin shigar da bayanan masu zuwa awon ciki. Ashe duk sunan da ke da ƙ ko ɗ, na'urar nan sai ta adana shi da wasu 'yan akwatuna da alamar tambaya, ba gargaɗi ba komai. Malam Nasiru mai gyara ya ce min tsarin haruffan da aka rubuta mata ne ba ta sani ba, maimakon ta ƙi aiki sai ta riƙa lalube. Ya gyara na gaba, na baya kuwa aka bar su a dagule.

Wallahi abin da zan faɗa da idona na gani. Wata Laraba bayan azahar, da damina, layi ya watse, sai ga wata yarinya da tsohon ciki, ƙafarta duk taɓon gona. Ta ce, "Inna, a duba min sunana, Ɗayyaba Ƙasimu."

Na buga, babu. Na sake, babu.

Ta yi murmushi ta ce, "Bari wahalar da kanki, Inna. Ranar ma haka suka yi ta nema."

Na ce, "Wace rana, 'yar nan?" Na sunkuya ɗauko mata sabon kati, ina ɗagowa benci wayam, kuma ƙofar ɗaya ce, tana gabana.

Da na ba Hajiya Rabi ungozoma labari, sai ta dafe bango tana salati. Ta ce Ɗayyaba ai bara ta rasu wajen haihuwa. Jini ya ɓalle mata, aka nemi rukunin jininta a kwamfuta aka rasa saboda sunanta ya dagule, kafin a sake gwaji a kai ta birni rai ya yi halinsa. Innalillahi!

Ban san me na gani ba, Allah ya jiƙanta. Ku dai masu wannan aiki, in kun ga suna ya dagule, kada ku ce ba komai.

Washegari da sassafe na hau adaidaita na tsare ƙofar gidan Malam Nasiru. Na ce masa, "Ɗauko jakarka. Akwai masu ciki da sunansu ke dagule, yau ba mu tashi sai mun gyara kowanne."