Gwaggo Ladi Ta Ƙi Tsallakawa

Kano zuwa Ƙaraye

Ina idar da sallar asuba na fito, gari bai gama wayewa ba. Baffa Sule, ƙanen mahaifina, shi ya bugo waya daga ƙauyenmu da ke mazaɓar Gwangwan, ya ce an ɗora wa yayarsu, Gwaggo Ladi, maita. 'Yar maƙwabta ce ke kwance da zazzaɓi, tana sambatu tana kiran sunanta. An tsayar da magana a kan bayan la'asar za a sa Gwaggo ta tsallaka yarinyar, wai ta saki kurwarta. Mahaifina na fama da ƙafa, sai na ce ni zan je.

A tasha muka daɗe kafin bas ta cika. Ni mai son kallon gonaki ce ta taga, amma ranar dawa da gyaɗa suka yi ta wucewa ban gan su ba. Abu ɗaya nake juyawa a raina. A jami'a ina karanta ilimin halayyar ɗan Adam, kuma na san abin da ke damun Gwaggo: cutar mantuwa ta tsufa. Turanci ya ari sunan wani likita Bajamushe ya laƙaba wa cutar. Na riƙe sunan nan kamar laya, ina ganin da na faɗe shi kowa zai sarara.

Ƙaraye zuwa Rogo

Na sauka Ƙaraye da hantsi, na sayi ɗanwake na kasa ci. Ƙaramar motar da na shiga ta Rogo cike take da buhunan taki. A wani shingen jami'an tsaro aka tsare mu, direba ya sauka ya dawo yana mita. Ya lura da fuskata ta madubi, ya tambaya ko rasuwa aka yi mini. Na ce a'a. Ya ce to in saki raina, kada in sa motarsa ta yi nauyi. Daga Rogo na hau acaɓa, muka ratsa gonakin rake har ƙauye.

Ƙauyenmu

Na tarar da Gwaggo a gindin turmi tana tsince wake. Ta karɓe ni da fara'a, ta tambaye ni 'yar gidan wa ce. Matar da ta goya ni ke nan.

Baffa ya ja ni zaure ya ce in yi haƙuri, taku ɗaya ne kawai, a yi a zauna lafiya. Na ce taku ɗayan nan shi ne amsa laifi, kuma sunan zai bi ta har kabari.

Bayan la'asar aka cika tsakar gidan Malam Hadi, uban yarinyar. An shimfiɗa ta a tabarma, jikinta kamar garwashi. Na gaishe da manya, na nemi izini, na yi bayani a hankali. Na ce ƙwaƙwalwa ce ke gajiya, shi ya sa Gwaggo ke shiga gidajen mutane tana ɗaukar 'ya'yansu kamar nata. Na ce a kai yarinyar asibiti a duba jininta. Sannan na faɗi sunan Bajamushen, na ƙara da cewa har a Turai an san wannan abu.

Malam Hadi ya juya ga jama'a. "Kun ji ko? 'Yarsu ma ta faɗa. Har Turawa sun san irinsu, sun sa musu suna."

Aka ɗauki salati. Na so ƙasa ta tsage in shige. Da bakina na ƙara mata itace a wuta.

Aka kamo hannun Gwaggo, aka tsayar da ita a kan yarinyar, aka ce ta tsallaka. Ta dubi yarinyar, ta dubi mutane, ta ja da baya.

"Haba, ku kuwa. Ba a tsallaka yaro, sai ya ƙi girma. Wa ya rene ku?"

Ta durƙusa za ta gyara wa yarinyar zani, uwar ta fizge 'yarta. Nan take aka ce ga shaida, ta ƙi sakin kurwa. Mutanen da ta yi wa ungozoma, waɗanda ta yanke wa cibiya da hannunta, su ne suka fara duba ƙasa suna neman abin jifa. Ban san ina da murya irin wannan ba sai ranar. Na ce duk wanda ya taɓa ta, ni da shi har gaban hukuma. Baffa ya shiga tsakani. Na ja Gwaggo, Baffa ya fito da babur ɗinsa muka hau mu uku, ko ɗankwali na biyu ba mu ɗaukar mata ba.

Ƙaraye zuwa gida

Magariba ta same mu a Ƙaraye, muka kwana gidan iyayen wata ƙawata. Suka ba mu tuwon dawa miyar kuka, ba su tambaye mu komai ba. Da safe Baffa ya koma, na roƙe shi ya matsa a kai yarinyar asibitin Rogo. Ya ce zai gwada.

A bas Gwaggo ta kwantar da kai a kafaɗata tana yi wa kanta waƙar daka. Ni kuwa haushi nake ji: na Malam Hadi, na Baffa, da na littattafan da suka ba ni sunan baƙo ba su koya mini yadda zan yi wa mutanena magana ba.

Mun iso Kano kafin azahar. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa iyayen ƙawata, da direban da ya ba ta kujerar gaba ta miƙe ƙafa daga rabin hanya. Mahaifina ya dogara sanda ya tarye mu a ƙofa yana hawaye. Gwaggo ta gaishe shi da ladabi, ta ce masa ba za ta daɗe ba, ta bar awakinta ba a ba su dusa ba.