Achim da Kogon Maƙwabci

Duk layinmu babu mai son a san shi ɗan rami ne kamar Achim. Tun yana saurayi ya shiga haƙar kwal, bai fito ba sai da furfura da tari da wani shuɗin tabo a goshi. Ko sannu ka ce masa, sai ya kai ka ƙarƙashin ƙasa ya dawo da kai. Maƙwabcinsa Ginter kuwa mai aski ne. Iyakar zurfin da Ginter ya taɓa shiga shi ne ɗakin da matarsa Zefla ke ajiye dankali.

Ana nan sai hukuma ta turo masu duba ƙasa, wai ramukan da kakanni suka haƙa suka watsar sun fara cin garin ta ƙasa. Shugabarsu, Injiniya Bożena, ta sa aka huda bayan gidan Ginter. Ƙarfe na nitsawa, na nitsawa, sai ji aka yi ya zurma. Kogo ne, wai mota ma za ta iya juyawa a ciki. Gidan Achim kuwa ko huda ba a yi ba. Wata tsohuwar tsaga kawai suka gani a bango, suka manna mata ɗan gilashi, suka ce in ya fashe bango na motsi, a kira su.

Daga ranar layi ya koma gidan Ginter. Tankoki na zuwa da kunun siminti da toka, ana ɗura wa kogon ta wani ƙaton tiyo. Zefla na zagayawa da kofi da kek. Abin da ya fi ci wa Achim rai, ma'aikatan sun ba Ginter hular kwano, ga shi nan tsaye yana yi wa jama'a bayanin yadda rufin rami ke ruftawa.

Achim ya leƙo ta kan shinge. "Kai mai aski, cire hular nan kafin ta gane kan da take kai."

"To ya zan yi, maƙwabci?" in ji Ginter. "Kai ka ƙare rayuwa kana bin rami. Ni kuwa har gida ya biyo ni."

Aka kwashe da dariya. Achim ya shige gida, ranar ko miyar tsamin da yake so bai iya sha ba. Matarsa Truda ta dube shi ta ce, "Tsoho, na ga mai ƙyashin mota, na ga mai ƙyashin suruki. Ban taɓa ganin mai ƙyashin rami ba sai kai."

"Ramin ma ai namu ne! Kakana ne ya haƙa shi. Kuskuren gida ya yi."

Ran Lahadi Truda na fita coci, Achim ya ɗauko 'yar guduma ya ɗan sumbaci gilashin da ita. Ƙas! Washegari ya tafi kiran injiniya, yana tafe yana gyara fuska irin ta wanda masifa ta samu. A lissafinsa, za a kawo inji tsakar gidansa, shi ya tsaya ya yi bayani, Truda ta raba kek.

Bożena ta daɗe tana duban gilashin, sannan ta ce, "Baba, bangon da ya yi wannan motsi ba a kwana a bayansa. Ku kwashe abin da za ku iya. Babu mai shiga sai mun huda mun gani."

Achim ya yi lissafi. In ya faɗi gaskiya ya shiga uku, in ya yi shiru ya bar gida. Ya zaɓi barin gida. Kafin ya gama haɗa kaya, Zefla ta riga ta gyara musu ɗaki a gidanta.

Haka aka zagaye gidansa da jan ƙyalle, inji ya shiga, jama'a suka taru a ƙofa yadda ya yi mafarki. Sai dai ba ya iya fita, don duk wanda ya gan shi jaje yake masa. Ta tagar kicin ɗin Ginter yake kallo, Ginter kuwa na bakin ƙyalle da hularsa, yana yi wa mutane bayanin gidan Achim.

Da aka gama huda, Bożena ta shigo da fara'a. "Albishirinka, Baba! Dutse ne zalla. Duk layin nan babu gidan da ya kai naka zama daram."

"Ba ku nitsa sosai ba," in ji Achim. "Ku gwada ta wajen kejin zomaye."

Truda ta taka masa ƙafa ta ƙarƙashin tebur. Ginter ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Yi haƙuri, maƙwabci. Kogon nawa bai cika ba tukuna. In kana so, zo na ara maka ka ɗan tsaya a kai."

Achim ya ce Allah ya kiyaye. Da yamma sai ga shi a bakin tiyo, hannu a baya, yana ce wa ma'aikatan kunun nasu ya yi ruwa.