Ranar da Aka Ce Riƙona Ya Ƙare

Ko tsufa ya cinye mini tunani, akwai ranar da ba za ta taɓa fita daga raina ba: ranar da na dawo daga gona na tarar da kayana cikin buhun taki a zauren gidan da na tashi.

Ina ƙarami mahaifina ya rasu a Gafasa, ba a jima ba mahaifiyata ta bi shi. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya ɗauko ni ya kawo ni Gaya. Allah ya ji ƙansa, bai taɓa nuna mini bambanci ba. Kwano ɗaya muke ci da 'ya'yansa, tela ɗaya ke ɗinka mana kayan salla, in mun yi laifi bulala ɗaya ce. Matarsa, wadda duk muke kira Inna, ita ta yi jinyata lokacin ƙyanda. Na yi noma a gonarsa tun ina ɗaga fartanya da ƙyar har na kai munzalin aure.

A lokacin kaka ne kawu ya rasu. Bayan sadakar bakwai na ga gyaɗa tana neman lalacewa a ƙasa, babu mai tunaninta, sai na tafi cira. Da la'asar na dawo, jikina duk ƙasa, na ga buhun nan, takalmina na leƙowa ta bakinsa. Babban ɗan kawu yana zaune kan tabarmar gaisuwa tare da wasu maƙwabta. Bai ko ja ni gefe ba.

Ya ce, "Ka san riƙo tsakaninka da Baba ne. Baba kuwa ya tafi. Za a raba gida, gara ka nemi danginka tun da wuri."

Na ce, "Yaya, ko arba'in ba za a bari a yi ba?"

Ya ce gara yanzu, kada zama ya yi tsawo wani ya fara ganin yana da rabo. Wannan maganar ce ta ƙona ni, har yau kuma tana ƙona ni. Ni ban nemi gado ba, tun a Islamiyya na san ba ni da shi. Amma mutumin da muka kwana ɗaki ɗaya, wanda na noma hatsin da aka yi bikinsa da shi, shi ke kallona kamar ɓarawon da ya laɓe yana jiran mutuwa! Maƙwabtan nan kuwa kowa ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Inna tana takaba. Ta bayan labule ta kira ni, tana kuka, ta ce ita kanta ba ta san ɗakin da za a bar mata ba. Ta sa mini albarka, ta miƙo mini bargon kawu.

Washegari na hau babur zuwa Gafasa, wurin baffana, ƙanin mahaifina. An shimfiɗa mini tabarma, an dama fura, yara na leƙe suna cewa an yi baƙo daga Gaya. Da na faɗi abin da ya kawo ni, baffa ya ce ɗakin mahaifina ya daɗe da rushewa, gonarsa kuma su ke nomawa tun ban yi wayo ba. Sannan ya dubi rana ya ce, "Ɗana, ka yi azama kada ka rasa abin hawa."

Can an ce in nemi dangina, nan dangin sun yi mini rakiya har bakin hanya.

Ban koma Gaya ba. Na sauka a Ajingi, ranar kasuwa ce, na zauna kan buhuna ban san inda zan dosa ba. Wani dattijo mai sayar da hatsi ya rasa mai ɗora masa kaya a mota, na tashi na kama. Da kasuwa ta watse ya tambaye ni gida, na ce babu. Ya ce in kwana a shagonsa. A nan na koyi awo, na koyi dafa wa kaina, na koyi yin ciwo ba mai cewa sannu. Yau ina da rumfata da iyalina. Yayan nan, babban ɗan kawu, yakan biyo ta kasuwa, ya nuna ni ga mutane ya ce ƙaninsa ne. Nakan ba shi wurin zama, amma ba na taya shi faɗin hakan.

Abin da na koya shi ne, duk wanda ya ɗauki maraya, ci da sha ba su isa ba. Ya riƙa kai shi ga dangin ubansa, ya nema masa haƙƙinsa, ya kafa masa sana'a tun yana da rai. Ƙaunar kawu gaskiya ce, amma tare da shi aka binne ta.