Gaɓon Bakin Tabki

Kawuna Nomau ya tsufa yana noma a bakin tabkin Madarumfa, kuma gaɓo ake ce masa, don ba ya musu da kowa. Maƙwabcinsa Barmo kuwa shi ne mai wayo. Kowace shekara sai ya ture iyaka, har ya cinye masa kwarin gonar. Raina ya ɓaci, amma Kawu ya bar masa. Ashe ya san duk shekarar da tabki ya tumbatsa, nan ruwa yake fara kwanciya. Bana ruwa ya shafe masarar Barmo ƙaf. Da ya zo yana kuka, Kawu ya ce, "Ai gonarka ce, Barmo. Je ka kwashe ruwanka."