Ranar da Na Yi wa Tsohon Gwamnanmu Tafinta

A duk zaman da na yi a Alƙahira, akwai yini guda da ba zai taɓa fita daga raina ba. Lokacin ina ɗalibi, ina zaune a unguwar Hayyus Sabi', nakan yi wa mutanenmu da suka zo asibiti tafinta. Wata safiya aka haɗa ni da wani dattijo mai ciwon ido. Ina ganinsa na gane shi. Tsohon gwamnan jiharmu ne, wanda a zamaninsa aka rushe shagon ɗinkin mahaifina don a fitar da titi. Tun daga lokacin sana'ar Baba ba ta sake miƙewa ba.

Na fassara masa duk abin da likita ya ce, amma fuskata a ɗaure. A hanyar dawowa muna cikin mota cunkoso ya tsare mu a ƙarƙashin wata gada a Madinat Nasr. Ya leƙa ta taga, idon ya ƙi ba shi haɗin kai.

"Ɗana, ƙafafun gadar nan siminti ne ko ƙarfe?"

Na ce siminti ne. Ya yi murmushi, ya ce kafin siyasa shi injiniya ne, ya ƙare ƙuruciyarsa a daji yana awon hanya. Ban san sanda bakina ya suɓuce ba.

"Ranka ya daɗe, titin bakin kasuwa da ka fitar, ta kan shagon mahaifina ya bi."

Ya juyo ya dube ni. Can ya nisa. "Sanda nake injiniya da ƙafata nake taka wuri, in sha ruwan mutanen, in san sunansu. Da na zama gwamna, layi kawai na gani a takarda na sa hannu. Mahaifin naka yana raye?"

Na kira Baba na miƙa masa wayar. Ya nemi gafarar Baba. Ina jiyo Baba yana cewa, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, ranka ya daɗe. Da ka aiko an yi mini magana a lokacin, da hannuna zan cire kwanon shagon."

Yau ni ma ina da mutane a ƙarƙashina. Abin da na koya shi ne, sau da yawa ba aikin gwamnati talaka yake ƙi ba, a yi kamar babu shi ne yake masa ciwo. Shi ya sa ba na sa hannu a kan abin da ya shafi mutum sai na ji ta bakinsa.