Shirwa da Fararen Kajin Yaya Hajara

Kontagora

Bayan sallar asuba na nufi tasha, na sami gurbi a wata tsohuwar mota mai zuwa Rijau. Dalilin tafiyar kuwa kaji ne. Shekarun baya na kai wa yayata Hajara fararen kaji a Tungan Magajiya. Yanzu ta aiko cewa zuriyarsu ta koma ja da wake-wake, alhali gidan maƙwabciyarta, Maman Rifkatu, ya cika da farare. Tana zargin ta musanya mata su, ta daina gaishe ta, har tana shirin kai ƙara wurin mai unguwa.

A shingen jami'an tsaro direba ya tambaye ni ko ta'aziyya zan je. Da na faɗa masa dalilin tafiyar, sai ya ce bai taɓa ɗaukar alƙalin kaji ba.

Tungan Magajiya

Da hantsi na isa, ƙugu na ciwo saboda ramukan hanya. Ina shan kunu a tsakar gida shirwa ta faɗo cikin 'yan tsaki, ta sure farin guda ɗaya da ke cikinsu. Na yi wa Yaya bayanin da na koya a jami'a: fari ya fi fitowa a kan jar ƙasa, shi ake ɗauka, masu duhu su tsira su hayayyafa, 'ya'yansu su gaji launinsu. Da haka kajin gida ke sauyawa ba tare da kowa ya musanya ko ɗaya ba.

"To, ita Maman Rifkatu, shirwarta makauniya ce?" in ji Yaya.

Da la'asar na shiga gidan Maman Rifkatu, na tarar da 'yan tsaki shuɗaye shar. Ashe rina su take yi. Kafin farin gashi ya dawo sun fi ƙarfin shirwa. Asalinsu ma, ta ce, ƙwan da Yaya ta taɓa ba ta ne. Na fara murna, sai ga jan zakaranta ya tsallaka danga zuwa gidanmu. Shirwa ce ta sauya kajin Yaya, ko zakaran nan, ko dukansu? Na kwana ina juya maganar, ban warware ta ba.

Da safe na faɗa wa Yaya abin da na gani, har da abin da ban gane ba. Sai ta ce in tambayo mata inda ake sayar da rinin.

Daga bayan danga Maman Rifkatu ta amsa: "Ki shigo da ƙafarki, Hajara, akwai saura a kwano."

Komawa

Na iso Kontagora gab da magariba, ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Lokacin da na baro su, hannayen Yaya da na Maman Rifkatu duka shuɗaye ne.